Bayan Yaya

Shekara ashirin da biyu mai aski yana aske wa yayansa baya, kuma ko sau ɗaya bai taɓa jin an gode ba. Yaya direban babbar mota ne. An haife shi da tawadar Allah da ta taso daga kafaɗa har ƙugu, baƙa ƙirin, ga gashi cunkus. In gashin ya sha gumi, kujerar mota ba ta zaunuwa. Shi ya sa duk mako biyu yake faɗowa shago, a saki labule, ya tuɓe riga ya hau kujera a juye, yana ba da umarni sai ka ce shi ya koya wa ƙanen nasa sana'a.

Ana cikin irin wannan aski ne injin ya ci karo da wani ƙullutu a ƙasan allon kafaɗa. Zuwa na gaba ya ƙara girma. A na uku ya yi jini tun ba a taɓa shi ba.

Hankalin mai aski ya tashi. Akwai wani likita da ke zuwa aski a shagon, sai ya ritsa shi a kujera da tambayoyi. Likitan ya ce yawancin masu babbar tawada irin wannan lafiya lau suke tsufa da abarsu, kuma aski ba ya jawo komai. Amma takan zama kansar fata a jikin wasu, don haka ƙullutu, ko jini, ko sauyin launi ba abin jira ba ne. A kawo mai bayan a duba shi cikin makon nan.

To, a kawo shi da igiya? Yaya ya ce injin ne ba kaifi. Aka sayo sabo, ya ce hannun ne ya tsufa. Ya ce shekara hamsin yana yawo da abarsa ba ta taɓa sa shi ko ciwon kai ba, sai yau mai aski ya zama likita. Takaici ya ishi mai aski, ya rantse ba zai sake aske bayan ba sai an je asibiti. Yaya ya yi fushi na wata guda, ƙaiƙayi ya dawo da shi, ya hau kujera kamar ba a yi komai ba.

“Yi abin da ka iya, ka bar abin da ba ka sani ba,” in ji shi.

“Yaya, wai kai ba ka ga yadda abin nan ya koma ba ne?”

“Da wane idon?”

Ashe duk haƙilon nan da ake yi, mutumin bai taɓa ganin bayansa ba. Mai aski ya ɗauko ƙaramin madubin da ake nuna wa mutane ƙeya, ya juya kujerar, ya saita shi da babban madubin bango.

Yaya ya daɗe yana kallo. Ya miƙa hannu ta baya yana lalube, hannun bai kai ba. Da ya buɗe baki, muryar ba ta mai ba da umarni ba ce.

“In na je, za ka raka ni? Ban taɓa tuɓe riga a gaban kowa ba sai kai.”