Tashi, Gawa, Fanke na Hucewa

"Sake harbina," in ji tsohon. "Wancan bai yi ba. Ka ɗaga bindiga kamar mai shirin share yanar gizo-gizo."

Gus Medeiros ya waiga hagu ya waiga dama, ko wani na kallo. Ƙato da shi, mai gyaran famfo, hamsin da ɗoriya, tsaye a bayan gidan maƙwabcinsa da bindigar toka ba ko albarushi. Sauran ƙanƙara a gindin shinge ta yi baƙi kamar tsumman goge ƙafa. A gabansa Wendell Tarbox ne, ya haura tamanin, hula mai kusurwa uku a ka, silifas a ƙafa, ga tsohuwar katifa an shimfiɗa masa a baya.

"Baba Wendell, sanyi fa ake yi."

"Sanyi ya hana kakanninka su zo ƙona mana gari? Harba!"

"Kakannina kifi suke kamawa a tsibiran Azores. Ko sunan Sarkin Ingila ba su sani ba."

"Shi ya sa ba ka iya ba. Harba, Jar Riga!"

"Dum," in ji Gus.

A faɗi gaskiya, tsohon nan ya iya mutuwa. Ya dafe ƙirji, hular ta yi tsalle gefe, ya yi taku biyu baya kamar mai mamaki, sannan ya zube a hankali, ƙafar hagu ta yi ɗan karkarwa ta tsaya. In ka gani sai ka nemi waya ka kira motar asibiti.

Duk Afrilu, ranar da manoman ƙasar nan suka fara ɓarin wuta da sojan Ingila don neman 'yanci a 1775, garinmu sai ya sake kwaikwayon yaƙin a filin gaban coci. Ba wani babban yaƙi aka yi a nan ba. Jajayen riguna ne, wato sojan Ingila, suka biyo ta titinmu a guje daga garin Concord, mutanen gari suka laɓe bayan katangar dutse suna ɗirka musu wuta, aka kashe mana mutum ɗaya tak, wani Asahel Dunn. Wasu ma sun ce ba harsashi ba ne, saniyarsa ce ta firgita ta bi ta kansa. Amma shi kaɗai muke da shi, don haka muka riƙe shi hannu biyu. Kuma tun kafin a haifi rabin garin, Wendell ne ke zama Asahel.

Shi kuwa Gus, ranar da ya tare a gidan kusa, ko kwalaye bai gama saukewa ba Wendell ya leƙo ta shinge, ya auna faɗin kafaɗarsa da ido, ya ce, "Akwai wata jar riga da za ta yi maka daidai." Ba mai son jar riga a garin nan. Yara su yi maka ihu, tsofaffin mata su yi tsaki. Gus bai sani ba, ya ce to. Tun daga nan shi ke kashe Wendell duk shekara. Kuma a al'adar garin, in hayaƙi ya lafa ganga ta yi shiru, wanda ya yi kisa shi ke zuwa ya miƙa wa gawarsa hannu ya tashe ta, a yi tafi, a ɗunguma ɗakin taron coci cin fanke.

Gus ya jingine bindiga ya miƙa hannu. "Tashi, gawa, fanke na hucewa."

Wendell ya kama hannun. Ya yunƙura. Ya sake yunƙurawa. Leɓɓansa sun yi shuɗi, numfashi na fita kamar famfon da iska ta shiga. Sai da Gus ya durƙusa ya rungumo shi ta ƙarƙashin hammata.

Daidai nan Noreen ta buɗe ƙofar baya, da ledar cefane a hannu. 'Yar Wendell ce, malamar makaranta, irin waɗanda in sun kalle ka sai ka tuna aikin gidan da ba ka yi ba tun aji uku.

"Gus," ta ce. "Shi dai tsufa ne. Kai kuma mene ne naka?"

"Shi ya ce..."

"In ya ce ka cinna wa gidan wuta sai ka nemo ashana? Likita ya ce zuciyarsa ba za ta ɗauki kwanciya a jiƙaƙƙiyar ciyawa da asuba ba. Na gaya wa Hollis, an gama magana. An ba wani."

Hollis shi ne kyaftin ɗin 'yan wasan, mai shagon fenti. Wendell ya zauna a bakin katifa yana haki.

"An ba wa?"

"Preston."

"Mai cire haƙori?" Wendell ya dubi Gus kamar an ce an sayar da cocin. "Yaron da ke gudun safe da wandon roba? Wannan ko ya mutu ba mai yarda."

"Baba, shiga ciki."

Washegari Gus na loda bututu a mota, sai ya ji ana kiransa ta shinge, ƙasa-ƙasa.

"Jar Riga. Zo nan."

"Ba na nan."

"Ranar yaƙi Noreen tana coci tun duhu, ita ke kan kaskon fanke. Ka saka ni a bayan motarka ka sauke ni bayan katanga. In an fara, sai in fito. Kai dai ka juyo da bakin bindiga wajena. Hollis ba zai tsayar da yaƙi a gaban jama'a ba."

"In ka faɗi ba ka tashi ba fa?"

"To ai an yi Asahel na gaske ke nan. Sai a saka mu a jarida."

"A saka ka a jarida, ni a saka ni a kurkuku. Ko Noreen ta riga 'yan sanda gamawa da ni."

Wendell bai yi dariya ba. Ya riƙe katakon shinge da hannu biyu. "Gus, ni ba soja ba ne, ban taɓa zuwa ko'ina ba. Wasiƙu na raba har ƙafafuna suka ƙare. Rana ɗaya ce a shekara garin nan ke yin shiru saboda ni. Kada ka bar wani yaro ya kwanta a wurina ina da rai."

Gus ya sosa ƙeya. In ya kai shi, wataƙila ya kashe shi da gaske. In bai kai shi ba, ya san wannan shingen ba zai sake yin magana ba. Sai ya nemi hanyar tsakiya, irin ta masu gyaran famfo in ba su san inda ruwa ke yoyo ba.

"Ga sharaɗi. Ranar da ka faɗi a katifar can ka tashi da kanka, ba hannun kowa, zan kai ka. Na rantse."

"Ka rantse da rigar Sarki?"

"Na rantse da motata."

"Wannan ta fi daraja," in ji Wendell.

To daga ranar, duk sanda Noreen ta tafi makaranta, Gus kan hango shi ta tagar kicin. Tsoho ya ja katifa, ya sa hula, ya harbe kansa da baki, ya zube. Zubewar ba laifi. Sai tashi. Ya juya gefe, ya dafa gwiwa, ya ɗaga rabi, ya koma. Gus ya tsaya da kofin kofi a hannu yana huci tare da shi, bai san ma wanne yake fata ba, ya tashi ko kada ya tashi. In abin ya daɗe sai ya fita kamar zubar da shara ya zo yi, ya tsallaka shinge ya ɗaga shi.

"Wannan ba ya cikin lissafi," Wendell zai ce.

"Ni ban ga komai ba."

Ana saura 'yan kwanaki, Gus ya leƙa bai ga kowa ba. Katifar na nan, ruwan sama ya jiƙa ta. Da yamma motar asibiti ta kawo gado mai ƙarfe aka kafa a falo, da tulun iska da robarsa ta hanci. Gus ya shiga gaisuwa, Wendell ya juya fuska bango.

"Ka huta," ya ce. "Motarka ta tsira."

Ranar yaƙi gari ya waye da hazo. Jama'a sun cika bakin igiya da barguna da yara a kafaɗa. Ganga ta tashi, sarewa ta biyo, Gus ya shigo cikin jerin jajayen riguna, yara suka yi musu ihun da suka saba. Aka yi ɓarin wuta, hayaƙi ya turnuƙe. Preston ya fito daga bayan katanga, Gus ya saita shi ya ɗana. Yaron ya duba ƙasa tukuna, ya zaɓi inda ba taɓo, ya durƙusa, ya kwanta a hankali, hannu ɗaya na kare baki.

Gus bai jira ganga ta yi shiru ba. Ya fice daga layi, Hollis na daka masa tsawa, ya bi ta ɗakin taron coci ya sunkuci faranti, ya miƙe titinmu da jar riga da bindiga a kafaɗa da fanke a hannu. Wani kare ya raka shi da haushi har ƙofa.

Noreen ba ta je coci ba bana. Ta buɗe, ta dube shi sama da ƙasa, ta matsa.

An ɗaga wa Wendell kan gado, an buɗe taga don ya ji ganga. Hular na kansa.

"Kun ci yaƙin?" ya ce.

"Mun gudu, kamar kullum."

"Yaron fa?"

"Kamar mai neman inda zai yi barcin rana. Har da kare haƙora."

"Ƙafa? Ya karkaɗa ƙafa?"

"Ko yatsa."

Wendell ya lumshe ido, daɗi ya kama shi. Sai ya buɗe. "To me kake jira? Ka zo gidan mutum da bindiga don ka kawo masa abinci?"

Gus ya dubi Noreen. Ta harɗe hannu, ta dubi tulun iskar, ta dubi ubanta.

"Akwai albarushi a ciki?"

"Na ƙarar da shi a kan Preston."

"To harbe shi, Gus, mu huta."

Gus ya ajiye farantin a kan talabijin. Ya ja baya har ya bugi kabad, ya ɗaga bindiga yadda aka koya masa, ba kamar mai shara ba. 

"Dum," ya ce.

Hannu ya tafi ƙirji. Hular ta gangara ta faɗi ƙasa. Kan ya koma cikin filo a hankali, da wannan mamakin a fuska. A ƙarƙashin bargo, ƙafar hagu ta yi ɗan karkarwa ta tsaya.

Can a fili ganga ta yi shiru. A falon ba ka jin komai sai hucin tulun iska. Gus ya sauke bindiga ya jira. Ya ƙara jira. Noreen ta saki hannuwanta.

"Baba?"

Shiru.

Gus ya matso. Ya miƙa hannu. "Tashi, gawa," ya ce, muryar ba tasa ba. "Fanke na hucewa."

Ido ɗaya ya buɗe.

"Gaggawar me kake? Mata ba su gama kuka ba."

"Allah ya shirye ka, Baba," in ji Noreen, ta shige kicin ta buɗe famfo da ƙarfi, ba ta da abin wankewa.

Wendell ya kama hannun. Gus ya ja shi zaune, ya ji kamar riga ya ɗaga daga kan igiya. Tsohon ya ci rabin fanke, ya ce an cika gishiri, ya ce Hollis bai taɓa iya tafiyar soja ba, ya ce a ba Preston katifar can ya je ya koya.

Ranar Alhamis da rana Wendell ya rasu. Gus na kwance ƙarƙashin wurin wanke-wanken wata mata a ƙarshen gari yana gyara, sai wayarsa ta yi ƙara. Ba kowa a falon lokacin, Noreen ta fita ɗauko wanki, talabijin na faɗin yanayin gobe. Da Gus ya iso ya tarar da ita zaune a matakalar ƙofa da kwandon wankin a cinya.

"Ko motsi bai yi ba," ta ce. "Na ɗauka barci yake. Da ya ga yadda ya yi mutuwar nan, da ya ce a sake."

An binne shi da hular. Hollis ya kawo ganga. Preston ya zo da baƙar kwat, ya tafi da katifar a saman motarsa.

Da Afrilu ta zagayo Gus ya sa jar riga, yara suka yi masa ihu. Ya saita Preston ya ɗana. Yaron ya ɗan gyaru, har hula ta faɗi, ko da yake ƙafar ya karkaɗa ta kamar mai korar ƙuda. Hayaƙi ya lafa, ganga ta yi shiru. Gus ya taka cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa zuwa gindin katanga, ya miƙa hannu, ya buɗe baki.

Preston ya riga ya miƙe da kansa, tsalle ɗaya. Yana kaɗe wando yana ɗaga wa matarsa hannu.

Jama'a suka yi tafi suka nufi coci. Gus ya tsaya da hannu a miƙe. Can ya nemi inda zai sa shi, jar rigar ba ta da aljihu. A ƙasa ciyawar ta kwanta daidai tsawon mutum, tana ɗagowa a hankali.