Nauyin Dona Zulmira

Ranar Juma'a, da suka dawo daga wankin ƙoda, Dona Zulmira ta gaya wa ɗanta Valdecir cewa ta gama. Tana dafe da murfin mota, tana jiran ƙafafunta su yarda su ɗauke ta, ta ce ran Litinin kada ya tashe ta, bayanta ba zai ƙara jure wannan hanya a cikin wannan amalanke ba. Sau uku a mako suke yin kilomita saba'in zuwa asibiti a birnin Anápolis, kusan rabi jar ƙasa ce da ramuka. Valdecir ya san abin da likita ya ce yana faruwa da wanda ya daina zuwa, ita ma ta sani sarai.

A gaskiya motar ta ci sunan. Tsohuwar mota ce fara ƙirar Gol, wadda ya sauke ƙasa shekara goma sha biyar da suka wuce, lokacin yana da gashi a ka. Ya yanke sifirin, ya sa shokozoba masu tauri, har kwalin sigari a tsaye ba ya shiga ƙarƙashinta. Duk Lahadi samari kan taru a bayan gidan mai, kowa na alfahari tasa ta fi kusa da ƙasa, shi ne kuma gwaninsu. Tudun rage gudu sai a karkace yake hawansa. A lokacin uwarsa ƙatuwa ce, ita ke dafa abinci a firamare, in ta zauna a baya sai salansar motar ta ja ƙasa, duk layin ya san Dona Zulmira za ta coci. Ita ta ce laifin motar ne, shi ya ce laifin burodin cuku ne, haka suka yi shekaru suna wannan musu.

Ran Asabar ya sayo sifirin dogaye masu laushi, da shokozoba biyu, da sabbin robobin mahaɗar ƙafar mota. Ran Lahadi da sassafe ya ɗaga bayan motar a tsakar gida, ya shige ƙarƙashi.

Aikin awa biyu ya cinye masa wuni. Tsatsa ta kama noti ɗaya kamar an haife shi a wurin. Ya zuba mai, ya jira, ya buga da guduma, ya ƙara wa sifana bututu, da ya kwance sai da ya tafi da fatar yatsunsa. Shekararsa arba'in da uku, wata takwas ke nan yana tashi ƙarfe huɗu don kai ta, ya gaji har cikin ƙashi. Ya jefar da gutsattsarin tsofaffin sifirin ɗin gindin mangwaro, bai ko waiwaye su ba.

Seu Anselmo maƙwabcinsa, tsohon makanikin bas, ya kawo kujerarsa da kofinsa ya zauna a inuwa. Hannunsa ya fara rawa, ba ya iya riƙe sifana, amma bakinsa lafiya lau. Ya ce ashe zai ga ranar da sarkin jan ciki zai tashi tsaye, ya kamata a kira limamin coci ya shaida. Valdecir ya ci gaba da aikinsa.

Wajen la'asar komai ya hau. Ya ɗauki sifana zai ɗaure notunan ƙasa, tayoyi na reto a sama.

"Ajiye," in ji Seu Anselmo. "Kai dai yanka ka iya. Wa ya ce maka ana ɗaure roba mota na rataye?"

Ya yi masa bayani kamar mai koya wa ɗan firamare. In aka ɗaure a sama, da an sauke motar robar za ta murɗe, wata biyu ta yage. Sai an sauke ta kan tayoyinta, a ɗora mata irin nauyin da za ta riƙa ɗauka kullum, sannan a ɗaure. A garejin bas buhunan yashi suke zubawa. Nan kuwa mai kujerar tana cikin gida, me za a yi da yashi?

Valdecir ya sauke motar, tayoyinta a kan katakai masu kauri don ya samu wurin shiga ƙarƙashi. Ya sa hannu tsakanin taya da jikin mota, yatsa huɗu cif. Sannan ya shiga ya kira ta.

Ta fito a hankali, tana riƙe da hannunsa, rigarta ta coci na yawo a jikinta. Ta dubi motar ta ce ta yi kama da zakara mai dogayen ƙafa. Ya zaunar da ita a baya, ya rufe murfin, ya sake sa hannu.

Yatsa huɗu ne.

Ya cire hannun, ya sake sawa, ko ya yi kuskure. Seu Anselmo ya dubi cikin kofinsa. Valdecir kullum yana ganinta, kullum yana riƙe ta, yana jin ma'aikatan asibiti suna karanta lambar sikeli, amma bai taɓa sanin irin ramar da ta yi ba sai yau da motarsa ta gaya masa. Tsoro ya kama shi sosai. Ya jingina ƙugunsa a kan but ɗin motar, ya danna a ɓoye.

"Mama, kin fara ko? Sabon sifirin ma kin durƙusar min da shi."

"Ɗaga jikinka daga motar, Valdecir," ta ce ta taga. "Ina ganinka a madubi."

Ya ɗaga. Ya ɗauki sifana ya shige ƙarƙashi, don nan ne kawai ba za ta ga fuskarsa ba. Ƙarfe ɗaya ne tsakaninsu, yana jin numfashinta.

Ta tambayi Seu Anselmo, wai da nauyin kullum ake ɗaurewa? Tsohon ya ce haka ne.

"To bari in sauka," ta ce. "Ka ɗaure ta ba kowa a baya, ɗana. A haka za ta fi daɗewa tana tafiya, kada robarka ta yage a banza."

Ya ji ta taɓa hannun murfin. Ya san tun ran Juma'a ba hanyar kaɗai ba ce, ta gaji da allura, da ƙishirwar da aka hana ta kashewa, da ganinsa yana gyangyaɗi a bencin asibiti. Amma hanyar ce kawai yake da sifanar gyarawa.

"In kin sauka ba zan ɗaure ba," ya ce. "Ta zauna nan a kan katako, kaji su yi ƙwai a ciki. Ni ma na gaji, Mama."

Ƙararrawar coci ta buga, ta gama. Seu Anselmo ya zubar da sauran abin da ke cikin kofinsa a ƙasa. Valdecir na kwance, sifana a kan ƙirjinsa, garin tsatsa na zubo masa a ido, yana sauraron murfin. Can ya ji kujerar ta yi ɗan ƙara, ta koma ta jingina.

"Ɗaure," ta ce. "Na zauna."

Ya ɗaure na hagu, ya ja jiki ya ɗaure na dama, ya sake bin kowanne har sifana ta ƙi motsi. Da ya fito, ta ce gobe ya sako mata matashin kai, kuma kada ya kunna wannan rediyon nasa. Ya ce to.

"Na ran Laraba kuma kada ka tambaye ni yau."

Bai tambaya ba. Ya miƙa mata hannunsa mai baƙin mai, ta riƙe, ta sauko, motar ba ta ko motsa ba.