Ƙwallon da Tela Ya Buga

Koci ya riga ya gyara tsayuwa, ya ɗaga sanda, ya ce, "To, ka kalle ni da kyau," kafin ya tuna da wa yake magana. Sandar ta tsaya masa a sama.

"Ina kallo," in ji Tela, yana murmushi a bayan baƙin tabarau. "Ci gaba, kana burge ni."

Matar Tela ta rufe baki da gefen mayafi, dariya na cin ta. Koci ya sauke sanda a hankali, kunya ta rufe shi. Shekara da shekaru yana koyar da golf, wasan buga 'yar ƙwallo da sanda har ta faɗa rami, a wannan filin, kuma koyarwarsa ba ta wuce ya buga, ɗalibi ya gani ya kwaikwaya ba. Yau ga shi an kawo masa mutumin da hawan jinin ido ya tafi da ganinsa bara.

Tela ba baƙo ba ne a filin. Shi ya yi ta ɗinka wa ma'aikatan filin riguna da tutocin bakin rami, kuma duk sanda ya kawo kaya sai ya tsaya jikin shinge yana tsokanarsu, wai manya da gemu suna bin ɗan abin da bai kai ƙwai ba. Da idon ya tafi, ya rufe shago ya shige ɗaki. Ɗazu da suka iso, matarsa ta ja Koci gefe ta faɗa masa ƙasa-ƙasa cewa ko ƙofar gida ba ya leƙawa. A rediyo ta ji akwai makafi da ke buga wannan wasa, ta yi ta naci har ya yarda, shi ma don kunnensa ya huta. In ya koma yau ransa a ɓace, ta ce, ba ta san da me za ta sake fito da shi ba.

Koci ya mayar da tasa sandar cikin jaka, ya zaro wa Tela wata. Ya kama hannun Tela ya ɗora shi kan ƙarfen da ke bakin sanda, ya bar shi ya shafa fuskar da ke dukan ƙwallo. Sannan ya ba shi ƙwallon. Tela ya jujjuya ta, ya ji 'yan ramukan jikinta, ya ce duk wanda ya yi wannan bai iya guga ba.

Da aka zo riƙo, Tela ya damƙe sandar har jijiyoyin hannunsa suka tashi. Koci ya buɗe baki zai gyara masa, ya tarar duk kalmomin da ya sani na littafi ne, ba su da amfani in babu hoto. Sai ya tambaye shi yadda ake riƙe almakashi. Tela ya ce da yatsu ake riƙewa, ba da tafi ba, kuma duk wanda ya matse shi yankansa karkacewa zai yi.

"To, Baba, ka gama koyon riƙo," in ji Koci. "Hagu a sama, dama a ƙasa, su rungumi juna. Ƙarfin da kake ba almakashi, shi za ka ba sandar."

Daga nan magana ta fara zo masa. Ya ce ya ware ƙafafu daidai faɗin kafaɗa, ya sunkuya daga ƙugu kamar zai auna yadi a kan tebur, ya saki gwiwa kaɗan, ya bar hannaye su rataya kamar hannun riga a jikin ƙusa. Ya durƙusa ya ɗora ƙwallon kan ɗan tsinin robar da ke shimfiɗar atisaye, ya ajiye bakin sandar a bayanta, ya ja da baya.

Tela ya ɗaga ya sara kamar mai faskare. Iska ya samu. Ya sake, ya daki shimfiɗar har zafin ya kai masa kafaɗa. Da ƙyar wani bugun ya goge ƙwallon, ta gangara ta tsaya kusa da takalmin matarsa. Murmushin ya bar fuskarsa. Ya miƙa sandar gaba, ya ce wa matar abin ya isa haka, ta kai shi gida, bai zo nan don a yi kallonsa ba.

Koci bai karɓi sandar nan da nan ba. Ya ce an ɗauke ƙwallon, babu sauran abin bugawa, tambaya ɗaya kawai yake da ita: in an kawo bandir ɗin yadi, yaya ake warware shi a kan dogon tebur? Tela ya ja tsaki, ya ce wannan ai ko almajirin ɗinki ya sani. Amma ya ba da sandar, ya kama gefen yadin da babu shi, ya juya jiki dama, ya dawo ya watsa hannu hagu, duk jikinsa ya bi.

"Wannan shi ne wasan gaba ɗaya," in ji Koci, ya mayar masa da sandar. "Ka juya har bayanka ya fuskanci inda kake so ta tafi, nauyinka a ƙafar dama. Sai ka taka hagu, kamar kana taka keken ɗinki. Ƙugu ya fara, hannu ya biyo. Kada ka sari komai, watsawa za ka yi. In ka gama, kan bel ɗinka ya kalli gaba."

Ya ce kuma ya saurari kukan da sandar ke yi cikin iska, a gaban ƙafafunsa ya kamata ya ji shi, ba a bayansa ba. Nan Tela ya sami abin kamawa. Ya yi ta lilo da sandar, yana karkata kunne, yana gyara kansa da kansa kafin a gyara masa. Kukan ya sauko, ƙarfen ya fara shafar shimfiɗar a wuri ɗaya. Koci ya lura da wani abu da ya ba shi dariya a ciki: ciwon kowane ɗalibi shi ne ɗaga kai da wuri don ya ga inda ƙwallo ta tafi, wannan kuwa kansa ko motsi ba ya yi.

Ya durƙusa kamar zai daidaita masa bakin sanda, ya ɗora ƙwallo a kan robar, ya yi wa matar alama ta yi shiru. Ya ja baya ya ce wa Tela ya ƙara ɗaya.

Tas. Ƙara ɗaya, mai tsabta. Tela ya tsaya yadda ya ƙare, sanda a bayan wuya, dunduniyar dama a ɗage, baki a buɗe. Ya ce bai ji nauyin komai ba, kamar almakashi ya shiga siliki. Dariya ta ƙwace masa, irin wadda ke girgiza ciki, har tabarau ya zame masa kan hanci.

"Maman yara, ina ta faɗa?"

"Wallahi Malam, kai nake kallo," in ji ta.

"Shekara nawa muna tare, sai yau kika ga damar kallona. Koci fa?"

Koci ya sosa ƙeya, ya amsa cewa shi ma haka. Tela ya ce bai taɓa ganin asarar idanu irin wannan ba. Sannan ya miƙa wa matarsa gwiwar hannu, ya ce su je su nemo ta.

Safiyar ranar aiki ce, babu kowa a wurin atisayen sai wani mutum da ya ajiye sanda yana shan shayi. Koci ya roƙe shi ya dakata da bugu. Suka taka cikin ciyawa su uku, Tela yana tambayar mene ne wannan ƙamshin, mece ce waccan ƙarar, yana tafiya da sauri har matar tana ce masa ya bi a hankali. Filin cike yake da ƙwallayen da aka buga tun jiya, duk farare, duk iri ɗaya. Matar ta wuce na kusa, ta wuce na tsakiya, ba ta sunkuya ba sai can gaba inda suka fara ƙaranci. Ta ɗauki ɗaya ta sa wa Tela a tafin hannu.

Tela ya juya wajen da yake jin numfashin Koci, ya tambaye shi ko ita ce. Koci ya waiga ya dubi nisan da suka yi. Bai ga inda ta faɗa ba, saboda haka ba shi da bakin musu. Ya ce ta yi kama da ita sosai. Tela ya goge ta da gefen riga, ya jefa aljihu.