Gungume Mai Lamba Talatin da Uku

Yefim Sabbatich ya sauka daga bas da hantsi, da baƙin burodi da busasshen kifi a jakarsa, ya sayi tikiti kamar kowane baƙo. Matar da ke taga ta tambaye shi ko yana son mai zagayawa da shi, ya ce a'a. Shekararsa saba'in da ɗaya, hamsin daga ciki da gatari a hannu ya yi su, ba wata yarinya ce za ta koya masa yadda ake ɗora gungume a kan gungume ba.

Fili ne makeke da aka tara wa gine-ginen katako daga ƙauyukan da suka watse, rumbuna da gidaje masu bene da coci-coci masu ƙubba, an lulluɓe ƙubbobin da sassaƙen itace kamar ɓawon kifi. Jama'a suna ta ɗaga kai sama, shi kuwa kusurwa yake dubawa, inda gumagumai suka ciji juna. Ya tsaya a wani rumbu ya gyaɗa kai, ya tsaya a wani gida ya yi tsaki. Gaskiyar magana jan ƙafa yake yi. Ya san cocin ƙauyensu yana can ƙarshen filin, kuma tsoron ganinsa yake ji.

Shekara arba'in baya, da aka zo ɗauke cocin daga ƙauyensu Sholoma, shi aka miƙa wa gwangwanin fenti ya sa wa kowane gungume alama kafin a warware ginin. Harafin farko na sunan bango, ɗan layi, sai lambar jere daga ƙasa. To a rubutunsu harafin da ya fara kalmar yamma da lamba uku kamar tagwaye suke. Duk bangon yamma ya sa ɗan layin nan, ban da gungume na uku, don a daidai nan aka kira shi shan shayi. Sai da jirgin ruwa ya ɓace a kwanar kogi da kayan, sannan ya tuna abin da ya rubuta: talatin da uku, a bangon da jerensa duka goma sha tara ne.

Kuma abin haushin, ba kowane gungume ba ne. Mahaifinsa Sabbati ne ya sassaƙa shi, ya maye gurbin wani da ya ruɓe, a bazarar da aka kira shi yaƙi. Yefim yana ɗan shekara uku lokacin. Uban bai dawo ba, ba hoto, ba kabari. Ranar warware cocin Yefim ya ga alamar gidansu a cikin gungumen, sara uku kamar sawun tsuntsu, abu ɗaya tak da ya tabbatar hannun ubansa ya taɓa. Bai faɗa wa kowa kuskuren ba, har matarsa ta mutu ba ta sani ba.

Wajen azahar ya isa. Wata mai zagayawa da baƙi tana gaya musu cewa babu ƙusa ko ɗaya a ginin, suna ta mamaki. Yefim ya san na rufin kaɗai sun cika bokiti, amma ya ƙyale ta. Ya zagaya yamma ya ƙirga daga ƙasa. Na ukun ya fi 'yan'uwansa haske, kuma da zarto aka yanke bakinsa. Gatari rufe jijiyar itace yake yi, zarto kuwa buɗe ta yake ruwa ya shiga, har bakin ya soma baƙi. Abin da yake tsoro shekara arba'in ya tabbata, bai ma ji mamaki ba, ya tsaya kawai yana kallon bangon.

Mai gadin ƙofa, wata dattijuwa mai suna Glafira, tana zaune a kan wani dogon itace tana saƙa safa. Ta dube shi ta saman tabarau.

"Baba, lafiya? Ka yi wani iri kamar an ce maka bas ya tafi."

"Ƙafa ce."

"Duk haka kuke cewa. Zo ka zauna, kar ka faɗi a ƙofata a ce ni ce." Ta matsa masa.

Ya zauna, ya nuna bangon da haɓa. "Na ukun can ba na wurin ba ne. Ina na asali?"

"Kai, kun ji mu da tsofaffin kafintoci! Kowa ya zo sai ya tono aibu. Ni ina zan sani? An ce ya ɓata a hanya." Ta ja zare. "Nan wurin haka yake, wani ya ɓata, wani ya yi yawa. Ka ga wannan da muke kai? A cikin kayan hasumiyar ƙararrawa aka tsince shi, shekara biyu bayan an gama cocin nan. Suna cikin gini suka tarar da talatin da uku har guda biyu, ɗaya kuma ya ƙi zama ko'ina. Suka yar da shi, wadda na gada ta jawo shi nan."

Yefim ya sunkuya a hankali kamar mai gyara takalmi, ya tura hannu ƙarƙashin itacen yana lalube. Hannun ya wuce ƙura da saƙar gizo, can kusa da baki yatsunsa suka faɗa cikin sara uku.

"Me ka yar?"

"Ba komai." Ya gyara murya. "Baiwar Allah, ruwa yana dukansa?"

"A'a, da kaka, kafin ruwa da ƙanƙara su sauka, nake sawa a ja min shi ƙarƙashin rumfa. Shekarata ashirin da shida a kansa, ko tsagewa bai yi ba. Wanda ya sassaƙa shi dai ya san aiki, Allah ya ji ƙansa. Wanda ya sa masa lamba ne jaki."

"Haka ne," in ji Yefim, hannunsa har yanzu yana ƙarƙashin gungumen. "Ɗansa ne."