Turmin Inna Bara'atu

"Sauko, Mode! Wa yac ce ka taɓa ɗakin ga?"

Mijina Mode yana kan tsani da kwanon ƙasa a kafaɗa, ni ina miƙa masa ruwa, sai ga Alhaji Almustapha, mai gidan hayar da ke jikin namu, ya shigo yana haki. Inna Bara'atu, wadda ke haya a ɗakin, ta durƙusa ta gaishe shi tun bai dube ta ba.

"Alhaji, azara ta lotsa," in ji Mode. "Kyauta za ni gyara, don Allah."

"Na sani. Amma gidan gado na, ba a raba ba. Yau in anka yi yaɓe, gobe Sale ya ce ni nis sa, don in ci gida. Ku bari mu zamna da shi."

Sale ƙanensa ne, ɗan kasuwar albasa a Goronyo, kuma tun rasuwar mahaifinsu ko gaisuwa ba sa yi. Kowannensu gani yake in ɗan'uwansa ya yi gyara, to ya mallake gidan. Haka Mode ya sauko, ƙasar da ya kwaɓa ta bushe a gindin katanga.

Inna daga wani ƙauyen Rabah ta zo Wurno, shekarar da ɓarayin daji suka tashe su. Ita kaɗai ta rage a gidansu. In na fara masifa a kan Alhaji sai ta kama hannuna. "Turai, ni da nik kwan cikin gona, mi zan ce? Mutum ya ba ni inuwa."

Da damina ta kama, sai Inna ta yi dabara. Ta kife turminta a tsakar ɗaki, ta ɗora taɓarya a kai, ta tokare azarar da ta lotsa. Daga nan kullum safe a turmina take daka.

"Inna, turminki ya samu aikin gadi," nake tsokanarta.

"Ya hi mai gidan himma," ta ce, sannan ta rufe baki tana istigfari.

Dakanta daban yake. Ta buga sau biyu, ta cilla taɓarya sama, ta tafa, ta cafe. Ko ido rufe zan gane shi.

Marka ta zo, aka yi ta yayyafi ba ɗaukewa. Bangonta ya jiƙe har ta ɓangarenmu, ƙasa na zubo mata a shimfiɗa. Na roƙe ta ta dawo wurinmu, ta ce ba za ta kwana inda surukinta yake ba, don tun zuwanta ta mai da ni 'yarta. Gaskiya tsoro ya kama ni, in na ji ko kwano ya faɗi a gidan sai in ruga in leƙa.

Ranar wata Juma'a da hantsi rana ta fito. Ina shanya sai na ji daka daga bayan katanga. Biyu, tafi, biyu. Na saki zanen da ke hannuna na ruga.

Tana tsakar gida da turminta, ta sa sabon kallabi.

"Inna! Mi kinka yi?"

"Alhaji ya aiko. Shi da Sale za su zo in an sauko masallaci, su duba ɗaki." Fuskarta fal murna. "Manya biyu su shigo su iske turmi kihe, awa ina yi musu gori? Kuma baƙo ba shi tahiya bai sha hura ba."

"Su gani mana! Ai abin da ya kamata su gani ke nan!"

"Ke yarinya ta. In sun tahi sai in maida."

"To kada ki shiga. Na roƙe ki."

"Ƙwaryata kawai za ni ɗauko, mai zanen nan."

"Tsaya in kawo miki tawa."

Na juya da gudu. Ban kai ƙofarmu ba na ji ƙarar. Ba ta da ƙarfi ma, kamar an sauke buhun gero daga kan jaki. Da na waiwaya, jar ƙura ce ke fitowa ta bakin ɗakin a hankali.

Maza suka tona da hannu da fartanya. Sun same ta kusa da ƙofa, ƙwaryar na ƙirjinta, ko tsagewa ba ta yi ba.

Alhaji da Sale sun zo, a mota ɗaya kuwa. Sahu ɗaya suka tsaya aka yi mata salla. Kafin damina ta wuce sun kawo magini, an ɗora kwano, har an sa wani ɗan haya. Alhaji yana gaishe ni in mun haɗu, ni kuma ina amsawa, amma har yau raina bai huce ba.

Ba wanda ya zo neman kayanta, sai aka bar mini turmin da taɓaryar. Na ajiye su a gindin katanga yadda ta bar su, na kasa wankewa. Wani lokacin da safe nakan ji biyu, tafi, biyu, in tsaya da tsintsiya a hannu har ya wuce. Mode ya ce 'yan wancan gidan ne. Na leƙa, matar ɗan hayar inji take kai niƙa.

Rannan na je ɗebe shanya, na duba cikin turmin. Geron da ta bari ya sha ruwan sama, ya tsiro.