Kusurwar da Mma Ke Sallah

Alhaji Khalidu da kansa ya kawo wa Memuna zanen benen mata na masallacin unguwarsu, saukarsa ke nan daga motar unguwar Sofoline, yana share gumi.

"Ɗiyata, ke ce injiniyarmu. Duba ki sa mana hannu kafin azumi, cewa zai ɗauki matan tafsiri. Aikin mahaifinki ne, ai babu wata matsala."

Marigayi Brimah magini, mahaifin Memuna, shi ya zuba wannan bene, kuma duk unguwar Zongo ba a taɓa jin gininsa ya tsage ba.

Memuna ta shigar da zanen a kwamfuta, ta yanyanka benen gida-gida kamar raga, don a lissafa nauyin da kowane gida ke ɗauka. Ta ɗora nauyin yadda ta san matan unguwarsu: ba sa bazuwa, a kusurwar gabas suke cunkushewa, don ta nan muryar liman ke hawowa. Amsa ta fito: lafiya lau.

Wallahi ta so ta tsaya nan! Amma ragar mai manyan idanu ce, kuma kwamfutar kan nuna inda ita kanta ba ta amince da lissafinta ba. A wannan kusurwa, inda bene ya hau ginshiƙi, kwamfutar ta ce kuskurenta ya yi yawa.

Memuna ta ƙanƙanta idanun ragar a wurin kaɗai. Lambar nauyin da ke kan wurin ta hau. Ta ƙara, ta sake hawa. A karo na huɗu kuskuren ya ragu, lambar ta tsaya cak, nesa sama da abin da simintin zai jure. Daidai nan mahaifiyarta ke shimfiɗa darduma, tana jingine da ginshiƙin, tun ranar da aka kai mijinta makwanci.

Kafin ta nemi Alhaji Khalidu, gida ta nufa. Ta durƙusa gaban mahaifiyarta.

"Mma, benen ba zai ɗauki matan tafsiri ba. Ba zan sa hannu ba."

"Babanki ne fa ya zuba shi."

"Na sani, Mma." Hawaye suka zubo mata.

Tsohuwar ta yafa mayafi, ta tafi masallaci, ta hau matakala a hankali, ta naɗe dardumarta. Ta shafa ginshiƙin sau ɗaya. Da ta sauko, ita da hannunta ta ja ƙofar benen ta sa kwaɗo.