Mai Lasar Kantu

Ni Ramata, shekara talatin da ɗaya ina auren mai sayar da gishiri, amma ban taɓa sanin mutum zai iya cika cikinsa da gishiri ya kuma rantse bai ci ba, sai bana.

Maigidana, Baban Salamatou, shi ke sayen gishirin Bilma in motoci sun sauke, ya sayar wa makiyaya. Da ciwon kai ya matsa masa, na ja shi asibiti yana ta ƙunƙuni. Likita ta ɗaura masa abin awo a dantse, ta duba, ta sake dubawa.

Ta ce, "Baba, tansiyonka ta hau sosai. Hawan jini in ya daɗe yakan lalata ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa sannu a hankali, ba ka ma sani ba. Daga nan sai mantuwa, wani har iyalinsa yakan kasa ganewa."

Shi kuwa gogan naka cewa ya yi rana ce kawai ta buge shi. Aka ba shi ƙwayoyi, aka ce a rage gishiri.

Na koma gida na shiga yi masa miya lami, irin wadda ni kaina ba ta wuce mini maƙogwaro. Mutumin nan ya cinye tas, har da "Allah ya yi miki albarka". Da ina da wayo, da tun nan na gane akwai magana.

Bayan wata ɗaya muka koma, tansiyo tana nan inda take. Likita ta dube ni, ni fa, ta ce, "Inna, a ji tausayinsa a rage gishirin mana." Wallahi raina ya ɓaci!

Washegari na yafa mayafi na bi shi rumfarsa a kasuwa. Me zan gani? An jera kantu, wato curin gishirin dabbobi, yana bin su ɗaya bayan ɗaya da harshe. Ya lasa, ya lumshe ido, ya ce wannan na raƙuma ne, wancan a ajiye gefe. Mai saye ya yi gardama, sai ya sake lasa don ya gamsar da shi.

"Baban Salamatou! Kai akuya ne?"

"Haba Ramata, wannan ba ci ba ne, aiki ne. Haka ubana ya koya mini."

Muna cikin haka sai ga Ya'u, wani makiyayi daga Ingall da ya shekara ashirin yana saye a wurinsa, har gidanmu yake sauka. Maigidana ya tarbe shi da murna, "Maraba da babban baƙo! Maraba da mai raƙuma!" Suka gaisa, suka yi dariya, Ya'u ya wuce neman shayi.

Sai maigidana ya matso kusa da ni, ya rage murya.

"Ramata, wannan mutumin, yaya ma sunansa?"

Na faɗa masa. Na tuna maganar likita, tsoro ya kama ni har faɗan ya tsere mini. Can ya turo mini kantu ɗaya.

"Lasa ki gaya mini."

Na lasa. Ɗaci ne kawai da ƙasa, ban san mai kyau ba balle maras kyau. Na ce masa mai kyau ne, na jawo na biyu tun kafin ya kai masa harshe.